Rima da warin fumfuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: kada ki sa karo (tayil) tukuna

Tambaya: "Gidanmu yana unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi, shekararsa biyar da ginawa. Akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda nake ajiye atamfa da shadda na sayarwa, da ƴan buhunan wake da gyaɗa. Tun daminar 2024 ɗakin yake wari, fenti yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa a bango, kaya sun fara baƙin ɗigo-ɗigo. Ina sa turaren wuta, wani lokaci in hura gawayi in rufe ƙofa don ɗakin ya bushe. Jikana da ke kwana kusa da matakala yana tari da dare. Magini ya ce a lulluɓe bangon da karo. In yi?"

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki sa karon tukuna, zan gaya miki dalili. Amma kafin maganar bango, akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin tambayarki, shi ne gawayin nan. Don Allah ki bar shi daga yau. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monokzayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutum sai ya ji kansa na sarawa, jiri da tashin zuciya su biyo baya, barci ya ɗauke shi, wani daga nan ba ya farkawa. Ɗakinki ba shi da wata mafita sai matakala, yaro kuma a bakin matakalar yake kwana. Kuma ko busarwar da kike nema ba ta samuwa: zafin wutar yana jawo ruwa daga bango ya shiga iska, iskar ba ta da hanyar fita, da wuta ta mutu ɗaki ya huce sai ruwan ya koma cikin bango da cikin atamfarki. Haka ma injin wuta, kada a taɓa tayar da shi a can ƙasa ko a bakin matakala, ko da na minti goma ne.

To, karo. Na fi shekara ashirin ina aikin gini a garin nan, kuma ban taɓa ganin inda karo ya hana ruwa shiga bango ba. Abin da yake yi shi ne ya hana ki ganin ruwan. Bangon bulo kamar lagwani yake, yana tsotso daga ƙasar da ke jingine da shi, yana fitarwa ta fuskar da ke cikin ɗaki. In aka toshe wannan fuskar, ruwan ba ya komawa inda ya fito, sama yake bi yana neman inda zai sha iska. Na shiga wani gida da aka sa wa karo tsawon mita ɗaya da rabi, bayan damina biyu rimar ta haura ta fito a saman karon, aka ƙara karo har rufi, sai ga ta a gindin bangon falon da ke bisa. Da muka ɓamɓare karon, simintin da ke bayansa ya zama kamar gari, da yatsa ake kankare shi. Maginin naki ba mugunta yake nufi ba, abin da ido zai gani ya ji daɗi yake so ya yi miki. Amma kuɗin karon da kuɗin aikinsa, da a wajen bango aka kashe su, da sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Aikin farko shi ne a gano ta ina yake zuwa, kuma wannan ke da kanki za ki iya yi, ba sai kin biya kowa ba.

Unguwarku a kan tudu take. Tsohon garin Maradi a kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro da shi sama. Wanda ya yi gini a fadama ko a gangaren Gulbi, ruwan ƙasa yana kusa da shi, rijiyar lambu ba ta da wani zurfi, kuma ni ba na ba kowa shawarar haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa a can. A tudu kuwa ruwan rijiya yana can nesa, ba zai taso ya iske ɗakin da zurfinsa bai wuce mita uku ba. Saboda haka ruwan da ke damun ki kusan tabbas daga sama yake gangarowa: ko ruwan rufin gidanki, ko na titi, ko tiyon famfo da ya fashe a cikin ƙasa, ko ramin salga da ramin ruwan wanka.

Mutane suna raina ruwan rufi saboda ƙasarmu ta Sahel ce, abin da muke samu a shekara bai fi wajen milimita 500 ba. Amma ki duba lissafin. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. In rufin gidanki ya kai murabba'in mita 150, aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 7,500 ke nan, fiye da ganga 37 masu cin lita 200. Duk wannan indararo biyu ko uku ne ke zubo shi, sau da yawa a gindin bango. Ga kuma abin da masu gida ba su cika sani ba: lokacin da aka haƙa ramin ɗakin, an haƙa shi ya fi ɗakin faɗi don ma'aikata su sami wurin tsayawa. Da aka gama sai aka cike gefen da rairayi da ɓaraguzan bulo da buhunan siminti, ba tare da an daddaɓe shi hawa-hawa ba. Wannan cikon ya fi ƙasar asali laushi, yana shan ruwa kamar soso, yana riƙe shi a jikin bangonki. Shekarun farko kwaltar da aka shafa, in ma an shafa, tana ɗan karewa. Sai aka yi irin ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rushe gidaje a garin nan, cikon ya zauna, daɓen tsakar gida ya ɗan karkata wajen bango, wata ƴar tsaga ta buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina kyautata zaton abin da ya faru da gidanki ke nan, ganin lokacin da kika ce abin ya soma.

Ki sauka da fitila ki karanta bangon. In rimar tana wuri ɗaya, ta fi yawa daga sama, ki fita waje ki tsaya daidai saitin wurin, za ki iske indararo, ko wurin alwala, ko wurin wanke-wanke, ko fulawar da ake ba ruwa kullum, ko tiyon da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa. In kuwa ta zagaye ɗakin daga ƙasa, ta ja layi kamar alamar da ruwa ke bari a jikin randa, to ta daɓe da tushen gini take tasowa. In bangon yana jiƙe har a watan Maris da Afrilu, lokacin da rabon garin da ruwan sama ya kai wata biyar ko shida, wannan ba damina ba ce, famfo ne ko salga. Ki rufe duk famfunan gida da dare, ki rubuta lambar da ke kan mitar ruwa, da asuba kafin kowa ya buɗe ki sake dubawa. In lambar ta motsa, akwai tiyon da ke yoyo a cikin ƙasa. In warin ɗakin yana da ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a duba nisan ramin salga da bangon, naku da na maƙwabta.

Akwai kuma gwajin leda. Ki yanka farar leda mai kauri, rabin mita ta kowane gefe, ki manna ɗaya a bango ɗaya a daɓe, ki like gefunan huɗu da salatif mai ƙarfi yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan kwana biyu ki duba. In gumi ya taru ta ciki, ko simintin da ke ƙarƙashi ya yi duhu, ruwan daga cikin ƙasa yake zuwa. In ta waje ledar ta yi raɓa, iskar ɗakin ce ta cika da laima. Farin abin nan kuma da kika ce kamar kanwa, ki kankaro kaɗan ki zuba a ruwa. In ya narke, gishirin ƙasa da na siminti ne da ruwa ya ɗauko ya bari a fuskar bango bayan ya bushe. Shi ba ya sa ciwo, amma shaida ne cewa ruwa yana ratsa bangon. Fumfuna ba ta narkewa, tana da laushi, tana shafewa a yatsa, kuma ita ce mai warin.

Gyara daga waje ake soma shi, kuma daga mai araha. A sa wa kowane indararo tiyon da zai sauko da ruwa ya kai shi aƙalla mita 2 nesa da bango, zuwa magudanar da ke fita titi. A gyara gangaren tsakar gida ta yadda ƙasa za ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga jikin gini. A zagaye bangon da daɓen siminti mai faɗin mita 1, a toshe mahaɗarsa da bango da kwalta. Magina na da sun san wannan sarai, shi ya sa suke yi wa gidan ƙasa dakali a gindi, suke fitar da indararo da tsawo, suke sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Wurin alwala da na wanki a matsar da su. A cikin gidajen da na duba, da dama daga nan matsalarsu ta ƙare, ba a haƙa komai ba.

In an yi wannan, damina ta zagayo bangon bai daina jiƙewa ba, to sai haƙa. A tone gefen bangon ta waje har zuwa tushensa, a wanke shi, a toshe tsagogi, a yi masa yaɓen siminti da aka haɗa da maganin hana ruwa irin na kamfanin Sika, ya bushe, a shafa kwalta hawa biyu ko uku, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, sannan a rufa leda mai kauri don kada dutse ya yage kwaltar. A ƙasan ramin, ƙasa da saitin daɓen ɗakin, a shimfiɗa tiyo mai faɗin santimita 10 da aka huhhuda, a lulluɓe shi da tsakuwa, a naɗe tsakuwar da ƙyallen da ke tace rairayi, a ba shi gangare zuwa wani rami mai nisa da gida ko ƙaramar rijiya da za a sa wa famfon tsotsa. Sannan a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Abu ɗaya nake roƙo a nan, don rai ne a ciki: ƙasarmu rairayi ce, tana zabtarewa ba sallama. Kada a tone bango gaba ɗaya a lokaci guda, a bi shi gaɓa-gaɓa, a tokare gefen ramin da katako, kuma kada a bar mutum ɗaya shi kaɗai a ciki. In wani gefen yana manne da ginin maƙwabci ba halin tonawa, sai a yi ƴar magudana ta ciki a gindin bangon, ta kai ruwan ramin famfo. Wannan ba ya hana ruwa shigowa, yana dai ba shi hanyar fita.

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ki bari sai hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni. Allah ya ba mu abin da mutanen Turai ke sayen na'ura mai tsada don su samu, wato iskar hunturu. A watannin ɗari laimar iska a nan takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A kankare fentin mai da ruɓaɓɓen yaɓe daga ciki, a bar bangon tsirara, a buɗe ko'ina iska ta yi ta ratsawa. Watanni zai ɗauka, ba kwanaki ba. Bayan ya bushe a shafa farar ƙasa, kada a mayar da fentin mai. Farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, fumfuna kuma ba ta son ta.

Yanzu maganar iska, wadda ita ce ta shafi jikanki. Ɗakin da ƙofarsa ɗaya ce kuma a cikin gida take, duk abin da ke cikin iskarsa ku ne kuke shaƙa. Fumfuna tana sakin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna tayar da asma, suna kawo tari da atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan tun 2009, inda ta nuna cewa mazauna gidaje masu rima da fumfuna sun fi fama da ciwon numfashi. Turaren wuta ba ya kashe fumfuna. Na san darajarsa a ɗakin mace, ba cewa nake a daina shi ba, amma a wannan halin hayaƙi ne ake ƙara wa ƙirjin da ya riga ya wahala, kuma yana ɓoye miki warin da ke gaya miki gaskiyar ɗakin. Haka maganin sauro na kunnawa, gara gidan sauro.

Ɗakin yana buƙatar kafa biyu da ke fita waje kai tsaye, ba ta cikin gida ba, a bango biyu masu fuskantar juna in da hali. Ɗaya ta shigo da iska, a sauko da tiyonta kusa da daɓe. Ɗayar a sama, a sa mata ƙaramar fanka mai zuƙo iska ta fitar waje. Tiyo mai faɗin santimita 15 zuwa 20 ya isa matsakaicin ɗaki. Bakinsu na waje a ɗaga shi sama da inda ruwan titi ke kaiwa, a lanƙwasa shi ya kalli ƙasa, a sa masa raga saboda sauro da ɓera. Ƙofar matakala kuma ta zama mai rufuwa ruf. Amfanin fankar da ke fitarwa shi ne iskar gida ce za ta riƙa gangarawa ƙasa, maimakon ta ƙasa ta hauro muku. Wannan yana rage wata iskar ma da ake kira radon, wadda ke fitowa daga cikin ƙasa ta tsagogin daɓe tana taruwa a irin waɗannan ɗakuna. Ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu. Shi ya sa ba na son a mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin kwana, ko na mai gadi ko na ƴar aiki, komai sanyinsa da bazara.

Ki sayi ƙaramin ma'aunin laima, mai kamar agogon tebur, ki rataye a ɗakin. Abin nema shi ne ya zauna ƙasa da kashi 60 cikin 100. In ya wuce 70 ya kwana biyu a haka, fumfuna ta sami wurin zama. A Yuli da Agusta iskar waje da kanta a jiƙe take, don haka a kunna fanka da rana tsaka in gari ya buɗe, a kashe ta lokacin ruwa da kuma da asuba. In da hali, na'urar tsotse laima tana taimakawa a waɗannan watanni, na'urar sanyaya ɗaki ma tana rage laima. Amma mai sanyaya iskar nan da ake zuba wa ruwa, wadda ke ceton mu a zafin Afrilu, kada ta sauka can, ruwa take ƙara wa iska.

Wajen wanke fumfuna, a fitar da yara da duk mai asma daga gidan, mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu. Kada a kankare ta a bushe, ƙurarta ce cutar. A jiƙa, a wanke da sabulu da buroshi, a bi da ruwan jabel, wato bilicin da ake wanke farin kaya da shi, kofi 1 a cikin lita 4 na ruwa. Kada a haɗa jabel da wani maganin wanke masai ko ruwan tsami, haɗin yana tayar da iskar da ke ƙona huhu. Kwalaye da tabarmi da katifar da suka yi fumfuna a zubar, ba sa wankuwa. Atamfa da shadda a fito da su a warware a sha iska a inuwa mai zafi, kada a mayar da su cikin leda sai sun bushe ƙarau. Abin da ya jiƙe aka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, ya isa fumfuna ta kama shi.

Buhunan abincin nan kuwa, ni dai a ganina su bar ɗakin gaba ɗaya. Gyaɗar da ta sha rima tana yin wata fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta, tana kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe ta, in an yi ƙuli-ƙuli tana nan a ciki, in an ba saniya ko akuya tana fitowa a nono. Ki zazzage buhunan ki tsince duk ƙwayar da ta yi kore, ko baƙi, ko ta motse, ki binne. In ɓarnar ta yi yawa a buhu, a haƙura da shi. Waken kuma, in kina sa masa ƙwayar nan ta maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu tana narkewa ta zama iska, ki sani iskar fosfin ce, laima ce ke tayar da ita, kuma ta kashe iyalai a cikin barci a wuraren da aka sa ta kusa da ɗakin kwana. Ba a sa ta a gidan da mutane ke zaune. Buhun PICS mai hawa uku, wanda masu binciken INRAN na nan Maradi, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa, suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. A ajiye shi a ɗakin sama, a kan katako.

Yaron a canza masa ɗaki tun daren yau, zuwa wanda ya fi nisa da matakala, kuma a kai shi likita a faɗa musu cewa akwai rima da fumfuna a gidan, a faɗa musu maganar gawayin ma. Tarin da ya wuce mako biyu yana buƙatar a duba shi ko da gidan a bushe yake, don kada a ɗora wa bango laifin wani ciwon daban. In kin ji ƙirjinsa yana fito, ko yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, kada a jira gari ya waye.

Kayan sayarwa kuma kada ki yi gaggawar mayar da su. Ki bari a yi manyan ruwa biyu ko uku a watan Yuli bayan gyaran, ki sake manna ledar nan a wuraren da suka fi jiƙewa a da, ki duba ma'aunin laima safe da yamma na mako guda. In leda ta fito a bushe, sai a shigo da kanta na ƙarfe ko na katako, hawan farko ya ɗaga santimita 15 daga daɓe, a bar rabin mita tsakaninsa da bango yadda za ki iya zagayawa da fitila ki duba bayan kowane ruwa.